Yadda ake farfaɗo da unguwar da ta fara lalacewa, layi bayan layi

Lalacewar unguwa tana da jeri, kuma kusan ko'ina jerin ɗaya ne. Kwata ce ke fara toshewa a ƙasan layi, ruwan damina ya kwanta a gindin katangu, danshi ya fara cin bulo. Sai wani tsohon gida ya faɗi, magada su kasa daidaitawa, ya zama kango. Kangon ya zama juji, jujin ya zama maɓoyar masu shaye-shaye da dare. Daga nan masu ɗan hali su fara sayar da gidajensu suna komawa bayan gari, masu saye kuma su yanka gidan ɗaki-ɗaki su zuba 'yan haya ba tare da sun ƙara ko banɗaki ɗaya ba. A wannan gaɓar kowa ya daina kashe kuɗi a kan gidansa, domin yana ganin maƙwabcinsa ma ya daina. Wannan yanke ƙaunar ita ce ainihin cutar, kuma ita za a yi wa magani.

Hanyar da zan bayyana an gwada ta. A shekarar 1980 Dakta Akhtar Hameed Khan ya fara wani shiri a Orangi, wata makekiyar unguwar talakawa a birnin Karachi na Pakistan, wadda aka gina ba bisa tsarin hukuma ba, kamar unguwannin awon igiya da muka sani a gefen Kano. Ƙazantar banɗaki a kan hanya take kwarara, hukuma kuma ta ce ba ta da kuɗin yi musu magudana. Abin da shirin ya gane shi ne, mutanen unguwa gaba ɗaya sun yi yawa a ce su amince wa juna da kuɗi, amma mutanen layi ɗaya, gida ashirin zuwa arba'in, sun san juna ciki da bai. Sai aka mayar da layi ya zama tushen aiki. Kowane layi ya zaɓi wanda zai tara kuɗi ya kula da aiki, ma'aikatan shirin kuma su auna ƙasa, su zana taswira, su ba da ƙiyasin kuɗi, su ara wa mutane kayan aiki. Ba sa riƙe kuɗin jama'a ko kwabo. Da wannan tsari gidaje sama da dubu ɗari suka yi wa kansu magudanar ƙarƙashin ƙasa da kuɗin aljihunsu.

Mataki na farko: ku ƙayyade iyaka, ku tara mutane kaɗan

Kada ku fara da kiran taron unguwa baki ɗaya a filin makaranta. Irin wannan taro masu murya ne ke cinye shi, a tashi da kwamiti mai muƙamai goma sha biyar, shi ke nan an gama. Ku fara da mutum biyar zuwa bakwai daga layi ɗaya ko lungu ɗaya, waɗanda matsalar ke taɓa su kullum. A cikinsu dole a samu mai gida da ke zaune a gidansa, da ɗan haya, da mace ko biyu da matan layin ke jin maganarsu, irin ungozoma ko malamar Islamiyya ko uwar adashi, da matashi mai iya rubutu da sarrafa waya. Idan akwai magini ko mai gyaran famfo a layin, ku jawo shi tun yanzu.

Kafin ku taka ko'ina, ku je gaisuwa wurin mai unguwa. Ku ce masa, "Ranka ya daɗe, mun zo neman izini da albarka, za mu duba matsalar ruwan layinmu." Ku sanar da liman, da shugaban coci idan akwai. Wannan ziyarar ba ta da tsada, amma rashinta yana kashe aiki, domin duk ranar da aka samu saɓani a kan iyakar katanga, wurin mai unguwa za a koma. Abin da ba za ku yi ba shi ne ɗora masa riƙon kuɗi. Ku bar shi a matsayin uba mai raba gardama.

Ɗan siyasa kuma ku ajiye shi sai gaba. Da zarar an ce aikin na wane ne, rabin layi ya janye hannu.

Mataki na biyu: ku zana unguwar da ƙafafunku

Nan ne ya fi cancantar a ɓata lokaci, domin duk abin da zai biyo baya a kansa zai tsaya. Ku samu babbar takarda, ko ku buga hoton unguwar daga taswirar Google a shagon kwamfuta, ku bi layin gida-gida. Ku ba kowane gida lamba a takardar. Ku rubuta mai shi, yana ciki ne ko haya ya bayar, iyali nawa ne, banɗaki nawa, ina ruwan wanka da na wanke-wanke ke fita, daga ina suke samun ruwan sha: famfo, rijiya, burtsatse ko 'yan ga-ruwa. Ku sa alama a kan kowane kango da fili, da juji, da fal ɗin wuta da ya karkace, da taransfoma, da wurin da wani ya ci hanya da dakali ko shago ko ramin masai.

Sa'an nan ku jira ruwan sama. Ku fita ana tsaka da shi ko da zarar ya ɗauke, ku bi ruwan ku ga inda ya fito, inda ya tsaya, inda ya juya ya shiga gidan mutane. Ku ɗauki hoto da bidiyo. Idan rani ne, layin danshi a jikin katangu zai nuna muku tsayin da ruwa ke kaiwa. Ku tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa ke bi a da. Sau da yawa za su ce muku akwai kududdufi a wuri kaza da aka cike aka yi gini. A tsohon birnin Kano kududdufan nan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini su ne ke shanye ruwan damina, kuma cike su da aka yi ta yi na daga cikin abin da ya sa ruwa ke rasa wurin zuwa. In haka ne a unguwarku, ku sani yashe kwata kaɗai ba zai isa ba, sai an nema wa ruwan mafita.

Mata su shiga gidaje su tambayi 'yan'uwansu mata. Namiji zai ce maka matsalar unguwa ita ce hanya da wuta, domin su yake gani in ya fita. Matar gida ita ta san yaro nawa suka yi amai da gudawa bara, da rijiyar da ta canza ɗanɗano, da lungun da 'yan mata ba sa bi bayan magariba. Ku rubuta nisan da ke tsakanin kowace rijiya da masai mafi kusa. Ma'aunin da masu aikin lafiya ke amfani da shi shi ne mita 30, wanda a cunkusasshiyar unguwa da wuya a samu, amma sanin rijiyoyin da suka fi kusa da haɗari zai nuna waɗanda za a bar wa wanki kawai.

Kada ku raina wannan takarda. A Karachi, Perween Rahman, wadda ta shugabanci shirin Orangi har zuwa lokacin da aka kashe ta a watan Maris na 2013, ta horar da matasan unguwanni suna zana taswirar magudanai da filaye, har ta kai hukumomin birnin na dogara da taswirar nan wajen tsara manyan ayyukansu. Wanda ya shiga ofis da taswira da lissafi, daban ake saurarensa da wanda ya shiga da kuka.

Mataki na uku: ku raba matsalolin gida biyu

Ku baje taswirar a gaban mutanen layi, bayan la'asar ko ranar da ba aiki, mata kuma a yi musu nasu zaman idan haka al'adar wurin take. Kowa ya ga gidansa a jiki, a gyara kurakurai. Daga nan ku ja layi a tsakiyar takarda. Gefe ɗaya abin da ku za ku iya: kwatar cikin layi, shara, fitilar ƙofar gida, cike ramuka, gyaran masai. Ɗaya gefen abin da sai hukuma: babbar magudana, kwalbati a kan titi, taransfoma, babban bututun ruwa, kwalta. Haka aka raba a Orangi, na ciki na jama'a, na waje na gwamnati. Kuma a can ma an ga iyakar abin: layuka sun yi magudanarsu, amma ƙazantar ta daɗe tana zuba a ramukan ruwa na unguwar kafin hukuma ta yi nata ɓangaren. Saboda haka tun ranar farko ku san inda ruwanku zai ƙare, kada ku kwashe matsalar ku juye wa layin da ke ƙasanku.

Daga gefenku ku zaɓi aiki ɗaya tak. Ya zama wanda kowa zai gani da idonsa, wanda za a gama cikin wata ɗaya ko biyu, wanda ba sai an rushe wa kowa komai ba. A mafi yawan unguwanninmu wannan aikin kwata ne ko juji. Ni dai ban cika son a fara da ƙofar ƙarfe a bakin layi ba, ko da yake ita ce mutane suka fi saurin yarda da ita. Tana cin kuɗi, tana jawo rigima da masu adaidaita sahu da maƙwabtan layi, ruwan kuma yana nan kwance bayan an kulle ta.

Mataki na huɗu: kuɗi

A nan yawancin ƙungiyoyin unguwa ke watsewa, ba don an ci kuɗin ba ma, sai don an yi zaton an ci. Ku sa magini biyu ko uku su ba da ƙiyasi dalla-dalla: buhun siminti nawa, tifar yashi nawa, tsakuwa, bulo, rodi, ladan aiki. Ku cire abin da za a yi da gayya, kamar haƙa da kwashe ƙasa. Abin da ya rage ku raba.

Yadda za a raba shi ne abin da za ku yi gardama a kai, kuma gara a yi ta a fili. Aikin da zai daɗe, irin ginin kwata, nauyin mai gida ne, domin darajar gidansa ce za ta ƙaru. Hidimar wata-wata, irin kwashe shara da sallamar masu gadi, ta mazauna ce, har da 'yan haya. Gidan da ke da iyali takwas ba zai biya daidai da gidan tsohuwa ita kaɗai ba. Masu gidan wanka, da masu wankin mota, da masu niƙa, da masu sayar da ruwa, da ke zubar da ruwa fiye da kowa, a yanka musu kaso mafi girma. Gwauraye mata da marayu da marasa lafiya a yafe musu a asirce, mutum biyu kawai su sani. Wanda ba shi da kuɗi amma yana da ƙarfi, a lissafa masa kwanakin aikinsa a matsayin kuɗi.

Masu gidajen haya da ke zaune a wata unguwa su ne masu wuyar kamu. Ku bi ta hannun dillalin da ke karɓar musu haya, ku aika musu hoton gindin katangarsu da danshi ya ci. Idan mai gida ya yarda, ɗan haya ya biya a cire daga kuɗin haya, amma a rubuta yarjejeniyar, kowa ya sa hannu.

Mai karɓar kuɗi daban, mai rubutawa daban. Kowane biya da rasit. Duk ranar Juma'a a manna lissafi a bangon da kowa ke wucewa, a kuma tura hotonsa a zauren WhatsApp na layi: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage. Kada ku tara kuɗi su daɗe a hannu, farashin siminti ba ya jiran kowa. Da sun kai na buhu goma, a saya a ajiye a shagon wani amintacce, a busasshen wuri, a kan katako. Idan aikin ya girma har ana buƙatar asusun banki, ku yi wa ƙungiyar rajista a ƙaramar hukuma, daga baya a hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta CAC, ku sa sai da hannun mutum biyu cikin uku kuɗi za su fita.

Mataki na biyar: aikin kansa

A arewa, Afrilu da Mayu ne lokacin kwata, kafin ruwa ya kankama a Yuni, balle Agusta da ba a iya haƙa komai. Ku fara daga ƙasa, wurin da ruwan zai fita, ku hauro sama. Kuskuren da aka fi yi shi ne kowa ya gina kwatar ƙofar gidansa da zurfin da ya ga dama, sai a samu ta wane ta fi ta maƙwabcinsa tudu, ruwa ya tsaya a tsakani. Magini ɗaya ya auna layin gaba ɗaya da tiyo mai ruwa a ciki, ya kafa turaku, ya ja igiya. Gangarar kimanin santimita ɗaya a kowace mita tana isa ruwa ya tafi da kansa. A zuba kankare a ƙasan kwatar, kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, a cika ramukan bulon gefe da kankare, a yi ta ba shi ruwa har kwana bakwai. Murfin ya zama gutsi-gutsi da mutum biyu za su iya ɗagawa. Kwatar da aka rufe ruf da kankare ba ta yasuwa, kuma shekara biyu ta ishe ta cika da yashi da leda. A bakin bututun kowane gida a sa raga.

Ƙasar da aka yaso a kwashe ta a ranar. Duk mun saba ganin an yi aikin gayya an tula dagwalo a bakin kwata, ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito. Kafin ku sa shebur, ku tanadi baro da kura ko tifar da za ta ɗauka. A Kano, Asabar ɗin ƙarshen wata da ake tsaftar muhalli ta dace da wannan, kuma kuna iya rubuta wa hukumar kwashe shara ta REMASAB tun da wuri ku nemi mota.

Shara kuma tsari take so fiye da ƙarfi. Ku ɗauki matasa biyu na layin da kura, su bi gida-gida a ranaku sanannu, a biya su daga kuɗin wata. Ku daidaita da 'yan jari-bola su riƙa karɓar roba da ƙarfe daga hannun masu kwashewar.

Mataki na shida: kangaye da filaye

Jujin da aka kwashe aka bar shi fili, cikin mako biyu zai dawo. Dole a ba wurin wani aiki. Ku nemo masu kangon ta hannun mai unguwa. Yawanci za ku tarar gado ne da ba a raba ba, wani lokaci magadan ma kunya ce ta hana su leƙowa. Ku nuna musu gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba: ba mallaka kuke nema ba, izini kuke nema a rubuce na shekara ɗaya ko biyu, a kewaye wurin, a yi lambu ko wurin karatun yara ko wurin ajiye babura da za a riƙa biya, wani kaso ya tafi ga magada. Kada ku yi ginin dindindin a filin da ba naku ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar birni a hannun gwamna, don haka duk abin da ya shafi filin gwamnati ko sauya amfanin fili sai an bi ta hukumar tsara birni, wadda a Kano ita ce KNUPDA.

Akwai misalin da ya nuna inda wannan mataki zai iya kaiwa. A unguwar Dudley da ke birnin Boston na Amurka, gobara da ƙaura sun bar filaye fiye da dubu babu kowa, 'yan kwangila na zuwa da dare suna juye shara. Mazauna suka kafa ƙungiya a 1984, suka fara da yaƙi da zubar da sharar, sa'an nan suka rubuta tsarin unguwarsu da kansu, hukumar birni ta karɓe shi. A 1988 aka ba ƙungiyar ikon karɓar filayen da aka yi watsi da su a tsakiyar unguwar tare da biyan diyya, ta gina gidaje masu sauƙin kuɗi, ƙasar kuma ta zauna a hannun amintattun unguwa don kada 'yan kasuwar filaye su kori talakawan da suka gyara wurin. Dokokinmu daban ne, amma haɗarin ɗaya ne: layi na gyaruwa, kuɗin haya zai tashi. Tun kafin a fara aiki ku nemi masu gidaje su yi alkawari a gaban mai unguwa cewa ɗan hayar da ya ba da kuɗinsa ko ƙarfinsa ba za a ƙara masa haya a shekarar ba.

Mataki na bakwai: yanzu ku je wurin hukuma

Kuna da taswira, da hotunan kafin aiki da bayansa, da lissafin abin da kuka kashe. Ku rubuta takarda shafi ɗaya mai buƙata ɗaya, misali kwalbati a mahaɗar layi kaza da titi kaza. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, a jadawali na huɗu, ya lissafa tituna da magudanai da fitilun kan hanya da kwashe shara da sa wa gidaje lamba cikin ayyukan ƙaramar hukuma, don haka haƙƙi kuke nema. Mai unguwa da dagaci su sa hannu, ku kai kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa a kan ɗaya ku dawo da shi. Ku ba kansila nasa kwafin. Ku sa mutum ɗaya mai haƙuri ya riƙa bibiya duk mako biyu, ya san sunan ma'aikacin da fayil ɗin ke teburinsa. Ku kai buƙatar kafin a rufe kasafin kuɗin shekara mai zuwa, wato tun wajen Agusta ko Satumba. A Nijar, ma'aikatar magajin gari ce ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Game da taransfoma, ƙa'idar NERC, hukumar da ke sa ido kan harkar wutar lantarki a Najeriya, ita ce gyara da sauyawa nauyin kamfanin rarraba wuta ne. Idan dole ta sa za ku yi karo-karo, kada ku sayi komai sai an yi yarjejeniya a rubuce da kamfanin a kan yadda za a mayar muku da kuɗin. Idan ɗan siyasa ya zo da gudummawa a wannan matakin, ku karɓa da godiya, a rubuta ta a lissafin bango kamar ta kowa.

Tsaro, da abin da ke biyo baya

Na jinkirta maganar tsaro da gangan, domin fitila a kowace ƙofa da kangon da aka kewaye suna rage matsalar kafin a ɗauki mai gadi. Idan za ku kafa 'yan sintiri, su zama 'yan layin da aka san iyayensu, a kai sunayensu ofishin 'yan sanda na yanki, a kuma gaya musu da babbar murya cewa wanda aka kama, hukuma ake miƙa wa, ba a duka. Samarin da ake kuka da su, ku fara ba su aikin haƙa da kwashe shara da lada kafin ku kai ƙararsu.

Layin da ke kusa da ku zai zo tambaya da kansa idan damina ta wuce ƙofofinku a bushe. Ku ara musu igiya da tiyo da maginin, ku nuna musu littafin lissafi, amma su zaɓi nasu mai tara kuɗi. Sai layuka sun kai huɗu ko biyar sa'an nan wakilansu su zauna su zama kwamitin unguwa, su haɗa taswirorinsu wuri ɗaya, su rubuta tsarin shekara uku: wace magudana ce za ta haɗa layukan, wane fili za a tsare wa makaranta ko asibitin sha-ka-tafi, ina ne ba za a yarda a sake cin hanya ba. A cikin tsarin a rubuta ranakun yashe kwata, sau ɗaya a Mayu, sau ɗaya a tsakiyar Agusta, da sunan wanda zai riƙe shebur da baro na kowane layi, da ranar da za a sake zaɓen ma'aji.